Yadda Kwamfuta Ta Yanka Sa'idu Gida Biyu

Mu ɗauka sunanka Sa'idu. Ka biya kuɗin fom, ka sha layi a shagon intanet, yaron shago ya buga sunanka daidai, ya danna maɓallin aikawa. Abin da ke faruwa a ƙiftawar idon da ke biyo baya shi ne damuwata, domin a nan ne mu masu sana'ar rubuta manhaja muke zubar da girmanmu a bainar jama'a, kuma ni dai kunyar abin ba ta taɓa sakina ba. Manhajar da ke karɓar fom ba ta ajiye komai da kanta. A bayanta akwai rumbun bayanai, shi kuwa ba ya jin yaren kowa sai nasa, wanda ake kira SQL. Don haka sai manhaja ta shirya masa jimla guda: ga umarni, ga wurin ajiya, ga abin da za a ajiye. A ƙa'idar wannan yare, duk rubutun da za a ajiye sai an sa shi tsakanin 'yan alamomi biyu na sama, ɗaya ta buɗe, ɗaya ta rufe. Musa zai tafi a 'Musa', ya shige lafiya, ko tuntuɓe babu. Sai dai kash, wannan 'yar alama ita ce dai muke rubuta alhamza da ita, don haka kai za ka tafi a 'Sa'idu', da alama uku maimakon biyu.

To, mu bi abin a sannu, don ya cancanci a kalle shi da kyau. Rumbu ya ga alamar farko, ya ce madalla, an buɗe suna. Ya karanta S, ya karanta a. Ya ga alama ta biyu, ya ce an rufe, sunan wannan bawan Allah Sa. Bai yi mamaki ba, ba aikinsa ba ne ya tambayi wane uba ne ya yanka rago ya raɗa wa ɗansa Sa. Ya juyo yana jiran a rufe baka a sallame shi, sai ya ci karo da idu tsaye a fili, ba riga ba hula. A wurin rumbu, duk abin da ke wajen alamomin nan umarni ne. Sai ya shiga laluben kundinsa: ya san umarnin ajiyewa, ya san na gogewa, ya san na nemowa, amma tunda aka ƙera shi ba a taɓa ce masa ya yi idu ba. Yana cikin wannan ruɗani sai ga alama ta uku, wadda mai manhaja ya sa don rufewa, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin sabuwar buɗewa, ya zauna jiran a rufe har jimla ta ƙare ba a rufe ba. Daga nan ya zubar da komai. In rumbun MySQL ne, zai turo kuskure mai lamba 1064, da Turanci, yana cewa akwai ɓaraka a kusa da idu. Wannan shi ne abin da zai fito a allo, gaban mutum ashirin da ke layi: rabin sunanka na baya, an tsame shi an nuna wa duniya a matsayin inda matsala take.

A sake kallon abin da sunan marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'adua, wanda ya mulki Najeriya daga 2007 zuwa 2010, sai ya fi armashi, domin shi alhamza biyu gare shi. Rumbu ya ga alamar buɗewa, nan take ya ga wata a manne da ita, ya ce an buɗe an rufe, ashe mutumin ba shi da suna. Sai ga Yar, ya ɗauke ta umarni, bai san ta ba. Sai ga 'adua' a rufe tsaf tsakanin alamomi biyu, suna cikakke wanda bai san na wane ne ba. Mutumin da a zamanin mulkinsa hotonsa ke rataye a kowane ofishin gwamnati, ga shi manhaja mai sakaci ta mai da shi abu uku: ba kowa, da umarnin da babu shi, da wani baƙo. Haka Mu'azu zai koma Mu, A'isha ta koma A, Rabi'u ya koma Rabi, wanda shi nasa ma ya fi ciwo, don ya shigo namiji rumbu ya karɓe shi mace. Garuruwa ma ba su tsira ba, a tambayi mutanen Jama'are da na Jema'a.

Amma wanda na fi so a duk wannan lamari shi ne mai ba da shawara. Ba a rasa shi a kowane layi. Yana tsaye na huɗu ko na biyar, fayil a hammata, bai taɓa rubuta manhaja ba, amma tun kafin yaron shago ya gama karanta kuskuren ya riga ya gano magani. Zai fara da cewa netwok ne, a bari sai dare. In an ce masa na gaba ya wuce lafiya, sai ya ce a kashe a kunna. An kashe an kunna, idu na nan daram. Sai ya leƙo ta saman kafaɗarka, ya nuna allo da makullin babur, ya ce, "Malam, wannan 'yar abar ce ba ta so. A cire ta mana. Ai Saidu ma suna ne." In ka nuna ba ka so, yana da wata: a sa tazara a wurin. Ka koma Sa Idu, mutum mai suna biyu, Idu ya zama mahaifinka, mahaifinka na gaskiya ya zama kakanka. In ka ƙi wannan ma, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ɗan'uwa, ba ka da wani sunan ne?" Ina son mutumin nan don ba shi da mugunta, kuma shawararsa ta uku tana aiki nan take, layi ya motsa, kowa ya sa masa albarka. Matsalata da shi guda ce: ba a layi kaɗai yake ba, yana zaune a manyan ofisoshi, an ba shi kujera da hatimi.

A 2024, hukumar yankin North Yorkshire a Ingila ta sanar cewa za ta daina sa wannan alama a sababbin allunan tituna, hujjarta kuwa ita ce alamar tana rikita rumbunan bayanai. A garin Harrogate aka kafa sabon allon titin St Mary's Walk ba alamar, sai wani mai kishin rubutu ya zo da alƙalami ya mayar da ita. Wannan fa a ƙasar da Turanci yake gida ke nan. A Ayalan kuwa, masu suna O'Brien da O'Neill sun shafe shekaru suna fama da fom ɗin jirgi da na banki. Ke nan ba wai an tsani Hausa ba ne, kuma ba sunayenmu ne suka cika wuya ba. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, alhamza ba ta da laifi ko kaɗan. Laifin na wanda ya ɗauki maganar baƙo ya cusa ta cikin nasa umarnin ne, ya haɗa su jimla ɗaya, sannan ya sa ran na'ura za ta gane inda bakinsa ya tsaya da inda na baƙon ya fara. Wanda ya cire alhamza bai gyara wannan ba, ya dai kori mai shaida.

Na ce mai shaida ne don Sa'idu, ba da saninsa ba, ya tona asirin da ya fi sunansa girma. In alhamza za ta iya rufe suna ta bar idu a matsayin umarni, to wanda ya san yaren rumbu zai iya sa umarni na gaske a inda idu take. A gurbin kalmar sirri sai ya buga alamar, ya bi ta da abin da ke nufin "ko kuwa in ɗaya daidai take da ɗaya". Rumbu ya duba ya ga lalle ɗaya daidai take da ɗaya, ya buɗe masa ƙofa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Jeff Forristal ya bayyana ta a mujallar Phrack tun Disamba 1998. A 2007 mai zanen barkwanci Randall Munroe ya zana wata uwa da ta raɗa wa ɗanta suna mai ɗauke da umarnin goge jerin ɗalibai, makaranta ta shigar da sunan, jerin ya tafi. Masu manhaja sun yi dariya sun manna zanen a bango, suka koma suka ci gaba da rubutu yadda suka saba. Ta irin wannan ƙofa aka shiga kamfanin Heartland Payment Systems na Amurka, inda aka kwashi bayanan katin kuɗi kusan miliyan 130, aka ɗaure jagoran masu kutsen, Albert Gonzalez, shekara 20 a 2010. Ta nan aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka taɓa bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Duk fom ɗin da ya shaƙe da Sa'idu yana sanar da ɓarayi ne cewa ba a kulle gidan ba.

Za a ce mini, to ai akwai magani mai sauƙi, a yi wa alamar rakiya. Gaskiya ne, yaren SQL ya tanadi haka: in ka rubuta alamar sau biyu a jere, rumbu zai gane harafi ce, ba rufewa ba, wasu rumbunan kuma suna karɓar wani kara mai jingina baya a gabanta. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, ga tarihin yaren PHP, wanda aka gina ɗimbin shafukan duniya da shi. Masu shi sun ga mutane suna mantawa da rakiyar, sai suka ƙirƙiro wani tsari mai suna Magic Quotes, wanda ke liƙa karan da kansa a kan duk abin da ya shigo. Sai mai manhaja mai hankali, wanda bai manta ba, shi ma ya liƙa nasa. Rumbu ya cire ɗaya ya ajiye ɗaya. Sa'idu ya zama Sa\'idu. Ya dawo ya gyara lambar wayarsa, aka sake ajiye fom ɗin, ya zama Sa\\\'idu. Ya dawo ya sauya adireshi, kara ya zama bakwai, in ya kuskura ya sake dawowa 15 ne. Mutum yana zaune lafiya sunansa na tsiro da shinge. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma su kansu masu PHP sun yarda: sun yi hani da tsarin a 2009, suka tumɓuke shi gaba ɗaya a 2012. Akwai ma wani abin dariya a yaren: an yi umarnin rakiya, aka gano bai isa ba, sai aka yi na biyu aka ƙara masa kalmar da ke nufin "na gaskiya" a cikin sunansa, wato na farkon wasa ake yi. Dalilin rashin isar kuwa shi ne, a wasu tsare-tsaren rubutu irin GBK na Sinanci, ana iya shirya harafin da zai haɗiye karan rakiyar ya bar alamar tsirara. Rakiya tana aiki ne in an yi ta sau ɗaya cif, a daidai wurin, da daidai tsarin, a kowane layi na manhaja, kowace rana, har ranar da mai rubutun bai yi barci ba. Ban san ɗan Adam ɗin da za a dogara da shi haka ba.

Maganin gaskiya ya daɗe a hannu, kuma ba shi da tsada. Mai manhaja ya aika wa rumbu umarninsa shi kaɗai, da gurbi a inda suna zai zauna, galibi alamar tambaya ake sawa. Rumbu ya karanta umarnin ya gama fahimtarsa. Sannan a miƙa masa sunan daban, a ce wannan na gurbin nan ne. Bambancin kamar na saƙon baka ne da saƙon ambulan: in ka ce wa yaro je ka ce wa Hajiya kaza, maganarka da saƙon sukan cakuɗe a hanya, amma in ka ba shi ambulan a liƙe, ko an rubuta "ƙona gidan" a ciki, shi dai kaiwa zai yi. Rumbu ba ya karanta abin da ke gurbi a matsayin umarni, ko alhamza goma ce a ciki. Duk manyan rumbuna, MySQL da PostgreSQL da Oracle da SQLite, suna da wannan hanya, kuma sau da yawa rubuta ta ya fi gajarta a kan liƙe-liƙen. Ba ta rufe kowace ƙofa ba, don sunan teburi ba ya shiga gurbi, sai an tantance shi ta wata hanya. Amma ta rufe wadda Sa'idu ya faɗa.

Wani zai ce, duk da haka, me zai hana a haramta alamomin don ƙarin tsaro, ai riga-kafi ya fi magani? Amsa ita ce, haramcin ba ya tsare abin da ake zato. In gurbin na lamba ne, kamar lambar ɗalibi, ba a sa shi tsakanin alamomi tun farko, don haka ɓarawo ba ya bukatar alhamza, sai ya rubuta lamba ya bi ta da umarninsa. Ka hana A'isha shiga, ɓarawo ya wuce ta gefenta. Kuma cakuɗa suna da umarni ba sai da wata alama yake ɓarna ba. Wani masanin tsaron kwamfuta a Kalifoniya, Joseph Tartaro, ya yi wa motarsa lamba ta musamman mai haruffa huɗu zalla, NULL, kalmar da rumbu ke amfani da ita wajen cewa babu komai a nan. Garin neman gira ya kusa rasa ido: duk takardar tarar da jami'i ya bar gurbin lambar mota a cikinta fayau, sai ta nufo gidansa, har suka haura dala 12,000, na garuruwan da bai taɓa takawa ba. Ya ba da labarin a taron DEF CON na 2019. Da ya kai kuka, shawarar da hukumomi suka ba shi ita ce ya canja lambar. Mutuminmu mai fayil a hammata ashe har Amurka ya je.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta tsofaffin na'urori. Akwai wuraren da aka yi yarjejeniya ta duniya kan taƙaita haruffa, kamar layuka biyun nan na ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa, inda ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta ce a zubar da alamar. Ban ja da wannan ba. Amma a lura, wannan kwafi ne da ake yi don wata na'ura, ba dalili ba ne na lalata asalin sunan a rumbu. A ajiye suna yadda mai shi ya rubuta, in wata tsohuwar na'ura na son sassauƙa sai a yi mata nata a bakin ƙofarta. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels ta saurari wani banki da ya ce ba zai iya rubuta sunan abokin hulɗarsa da alamomin saman wasali ba, don manhajarsa ta 1995 ce. Kotu ba ta karɓi uzurin ba. Tsufan na'ura matsalar mai na'ura ce.

Ban so in taɓo haruffa masu ƙugiya ba, don ciwonsu daban ne, amma gida ɗaya suka fito. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 gutsure biyu ne, in aka karanta su da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai sai su fito Æ™, wato Bahaushe ya rubuta ƙasa, allo ya nuna masa Æ™asa, har da tambarin mallakar kamfani. Harafin ɗ kuma ya koma É—. In rumbun ne bai san harafin ba, sai ya sa alamar tambaya, ɓarawo ya zama ?arawo, kamar ana shakkar ko shi ne. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ sun tsere wa tarkon alhamza a 'ya da 'yan, sun faɗa wannan. Sannan ga fitowa, don a hanyar dawowa allo ma akwai wata rakiyar, in aka ninka ta sai ka ga Sa&#39;idu a kan takarda mai hatimi. Sannan ga wayoyi: tun 2017 iPhone ke lanƙwasa alamar da kanta, ta wuce rumbu lafiya don ba ita ce ta rufewa ba, amma in aka nemi Sa'idu mai miƙaƙƙiyar alama ba za a ga mai lanƙwasasshiya ba. Mutum ɗaya, rajista biyu.

Abin da mai ba da shawara bai lissafa ba shi ne abin da ke zuwa bayan layi ya motsa. Takardar firamare ta ce Sa'idu, ta jarrabawa ta ce Saidu, banki ya ce Sa Idu, wata kuma ta ce Saeedu don wani ma'aikaci ya ga haka ya fi kyau. Ranar da za a haɗa su wuri ɗaya, don aiki ko karatu ko kujerar Hajji, sai a ce ba mutum ɗaya ba ne. Daga nan sai kotu, a yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida, mutum ya biya kuɗi ya rantse cewa shi ne shi. Wanda ya ƙi rubuta layi biyu na manhaja yadda ya kamata yana gida yana shan shayi, ba wanda ya nemi ya rantse da komai.

Saboda haka, ku shugabannin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi masu ba da kwangilar manhaja, ba sai kun iya SQL ba. Ranar da aka kawo muku aiki, kafin ku sa hannu a takardar biya, ku ja kujera ku buga 'Yar'adua a gurbin suna, ku buga Ƙofar Ɗan'agundi a gurbin adireshi, ku ajiye, ku gyara lambar waya sau uku, ku nemo sunan, ku buga shi a takarda. In ya fito yadda ya shiga, ku biya. In ɗan kwangila ya leƙo ya ce a cire 'yar abar nan, ku riƙe kuɗinku.